Aisin da Aka Goge wa Lamba

Bakin sukundireba ya shiga ƙarƙashin aisin, ɗan abin nan da ke riƙe da karatun kwamfuta. Mai gyara ya ɗaga gefe ɗaya kaɗan, ya koma ɗaya gefen ya ɗaga kaɗan, yana riƙe da numfashi kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Abin ya fito. Ya ɗora shi a tafin hannu ya kai ƙarƙashin fitila. Ɗan baƙin abu ne da bai kai tsawon yatsa ba, ƙafafu ashirin da huɗu, goma sha biyu kowane gefe, da 'yar tagar gilashi a tsakiyar bayansa. Ya ƙirga ƙafafun sau biyu. Babu wadda ta karye. Sai ya karkata shi don ya karanta lambarsa.

Babu lamba. Inda ya kamata rubutu ya kasance, wani fili ne mai toka-toka, an goge shi sumul da samfefa.

 Ya san hannun da ya yi wannan gugar. Shi ne hannun da ke riƙe da aisin a yanzu.

Kwamfutar da ke buɗe a kan teburinsa ta yayansa ce. Tsohuwa ce irin ta farko-farko, wadda madannai da ciki duk a jiki ɗaya suke, ana jona ta da talabijin. Yayan nasa malamin lissafi ne a da. Yana da shekara talatin da ɗaya ciwo ya ɗauke masa ido duka biyu, ya koma gida ya zauna, ya daina magana da kowa. A lokacin mai gyara yana koyon aiki a wurin maigidansa, wani gwanin rediyo da talabijin da ya rasu shekaru goma sha biyar da suka wuce. Maigidan ne ya ji tausayi, ya ɗauki wata uku yana fama, ya rubuta wani karatu nasa na kansa ya ƙona shi cikin wannan aisi, wato ya zuba shi a ciki da wutar lantarki, ya dasa shi a cikin kwamfutar. Tun daga ranar take magana. Duk abin da makahon ya danna sai ta faɗa masa, duk abin da ya ajiye a faifai sai ta karanta masa. Shekara talatin da huɗu ke nan. Faifai ɗari biyu da wani abu suna cikin akwati a ɗakinsa: wasiƙu, darussan da yake koya wa yaran unguwa, ranar haihuwar kowane jika, da abin da matarsa ta faɗa masa a makonta na ƙarshe. Babu wata na'ura a duniya da ke gane rubutun faya-fayan nan sai wadda ke da wannan aisi, don maigidan ya tsara ajiyar ta hanyar da shi kaɗai ya sani.

Ga shi aisin ya fara mantuwa. Irinsu haka suke, karatun da ke ciki yana tsiyayewa da shekaru kamar ruwa a randa mai tsaga. Shekaranjiya kwamfutar tana cikin karanta wa makahon wasiƙa ta sarƙe, ta yi ta gurnani, ta yi shiru. In ta huce ta dawo, in ta ɗumama ta sake. Aikin a baki mai sauƙi ne: a kwafe abin da ke cikin tsohon a zuba a sabo tun bai ƙarasa zubewa ba. Amma ba a kwafar aisi sai an san irinsa.

A zamanin maigidan haka masu sana'a suke yi. In ka ƙera abu, sai ka goge lambar kayan da ka sa, kada na shagon gaba ya buɗe ya sace maka basira. Ranar da aka gama aikin, maigidan ya miƙa wa almajirin aikinsa samfefa ya ce, "Goge." Shi kuwa ya goge har da ƙarin gyara, yana jin kansa babban mutum mai riƙe da asiri. Bai rubuta lambar ko'ina ba. Bai ma karanta ta ba. Masu magana sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, amma wa yake jin magana yana da shekara ashirin da biyu?

"Injiniya! Ko gawa ce kake yi wa wanka tun safe ba ka ce uffan ba?"

Mai waya ne, maƙwabcinsa na shagon dama, ya leƙo da kofin shayi a hannu. Mutum ne ɗan shekara arba'in, mai surutu, mai gyaran wayoyin hannu. Shekara tara suna jere, kullum da tsiyar da za su yi wa juna.

"Ka koma wurin gilasanka da suka fashe," in ji mai gyara. "Wannan ba aikin yara ba ne."

Mai waya bai koma ba. Ya shigo ya sunkuya ya dubi aisin. "Kai! Wannan ai kakan aisi ne. Ina lambarsa?"

"An goge."

"Wane mugun ne ya goge?"

Mai gyara ya yi kamar bai ji ba. Ya jawo injin kwafar aisi, wani ƙaramin akwati mai mazauni a sama, wanda ke jone da kwamfutar shago. Ya yi bayani a gajarce, ba don mai waya ya cancanta ba, sai don bakinsa yana son abin yi. Iri biyu ne masu wannan siffa da wannan girman ciki. Ɗaya lambarsa ta fara da ashirin da biyar, ɗaya da ashirin da bakwai. Tsawo ɗaya, ƙafafu ɗaya, taga ɗaya, mazauni ɗaya suke shiga. Amma ƙafafu uku aikinsu ya sha bamban. Inda wannan yake karɓar tambaya, can wancan yake karɓar wuta.

"Kama da wane ba ta wane," in ji shi.

"To bi fanel ɗin da mita mana, ka ga inda ƙafafun ukun suka tafi."

"Ka ga na yi kama da wanda bai yi tunanin haka ba?"

Ya nuna masa. Maigidan bai dasa aisin a kan babban fanel ba, allon nan da sauran kayan kwamfutar ke jere a kai. Wani ƙaramin fanel ya yi masa, ya sarƙa wayoyi a ƙarƙashi, ya kwarara musu baƙin gam da ya zama dutse. Ƙafafun ukun sun nutse a ciki, mita ba ta ganin komai.

Mai waya ya ajiye kofi ya ja kujera gaban kwamfutar shago. "Injiniya, kana wahalar da kanka. Ga maɓalli nan. Ka sa aisin, ka danna, injin ya tambaye shi sunansa, ya faɗa. Ni kullum haka nake yi."

"Ɗauke hannunka daga nan."

"Daƙiƙa biyu fa."

"Na ce ɗauke hannunka!"

Mai gyara ya san maɓallin. Ya kuma san yadda injin yake tambayar. Wuta mai ƙarfi yake turawa a ƙafa ɗaya. Aisin zamani an yi su da sanin wannan tambaya, sai su amsa. Na dā wasu sukan jure, wasu kuwa nan take suke mutuwa da duk abin da ke cikinsu, ba hayaƙi, ba ƙara. Ba ka sanin wanne ne naka sai ka danna.

"Wasu suna jurewa ai," in ji mai waya, yana ɗaukar kofinsa. "Kai dai tsoro ya yi maka yawa."

"Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Ya naɗe aisin a takarda mai hana wuta, ya sa a gwangwani, ya kulle a durowa, ya sa mabuɗin a aljihu. Ya rufe shago ya tari bas zuwa kasuwar kayan wuta. A hanya hannunsa bai bar aljihun ba. Kwandasta ya yi masa magana sau biyu kafin ya ji.

Can ƙarshen layin masu tsofaffin kaya akwai wani dattijo da ake kira Mai Tarkace. A wurinsa maigidan yake sayen kaya a da. Rumfarsa ba ta da wurin zama, kwalaye ne har rufi, shi kuma yana tsakiya kamar kunkuru a cikin ƙwarya.

"A'a, yaron marigayi! Kai ma furfura ta kama ka?"

"Baba, ta kama. Tambaya na zo yi."

Ya faɗi abin da ke tafe da shi. Shekarar kaza, watan kaza, maigidansa ya sayi aisi mai taga, ƙafa ashirin da huɗu. Wanne iri ne?

Mai Tarkace ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Abin da na ci jiya ban tuna ba, kana tambayata shekara talatin da huɗu? Maigidanka duka biyun yake saye. Ya zo ya ce ba ni na ashirin da biyar guda uku, na ashirin da bakwai guda uku. In na ce me za ka yi da duka, sai ya ce don kada ka sani."

"Ko ka tuna wanda ya fi so?"

"Wanda ya fi arha."

"Wanne ne ya fi arha a lokacin?"

"Ya danganta da ranar." Tsohon ya share ido. Da ya ga fuskar mai gyara sai ya daina dariya. Ya miƙa hannu bayansa ba tare da ya waiwaya ba, ya zaro wani kwali, ya fito da aisi biyu masu lambar ashirin da bakwai. "Karɓi waɗannan, su ne ake samu yanzu, lafiyarsu ƙalau. Na wa ne aikin?"

"Na yayana."

"Makahon nan mai lissafi? Yana raye?" Ya girgiza kai. "To ka yi a hankali, ɗana. Kayan baƙo in ya lalace haƙuri ake bayarwa. Na ɗan'uwa kuwa kullum za ka riƙa ganinsa."

Bai tashi da komai ba sai aisi biyu. Rana ta take tsaka lokacin da ya dawo shago. Ya buɗe durowa, ya fito da gwangwanin, ya warware takardar. Ya zauna yana kallon abin. Ya yi ƙoƙarin tuno ranar. Ya tuna teburin maigidan, ya tuna warin dalma, ya tuna garin baƙin da ya manne masa a yatsu. Lambar kuwa ta ƙi zuwa. Wani lokaci sai ya ga kamar biyar, ya kusa rantsewa, sai ta rikiɗe ta zama bakwai.

Ya ɗaga hannun injin, ya sa aisin a mazauni, ya danne. Bai san sa'ad da ya yi ba. Maɓallin yana kan allo. Zuciyarsa ta ce, wasu suna jurewa ai. Ta ƙara cewa, kowace rana da ka ɓata, wani abu yana ƙara zubewa daga ciki. Ta kuma ce masa wata magana da ta fi waɗannan muni: in ya mutu, sai ka ce dama tsufa ne ya kashe shi, wa zai sani?

Yatsansa yana kan linzamin kwamfuta aka yi sallama.

Ɗiyar yayansa ce, ma'aikaciyar jinya, ta taho da kayan aikinta a jiki. Hannunta na dama yana riƙe da gwiwar hannun mahaifinta.

"Baffa, ka yi haƙuri. Na ce masa ka ce gobe, ya ƙi. Tun asuba yake zaune gaban teburin da babu komai a kai yana motsa yatsu."

Mai gyara ya miƙe da sauri har kujera ta faɗi. "Yaya, sannu da zuwa. Da ka aiko ai da na zo."

"Ka zo ka ce mini gobe?" Makahon ya laluba da sanda ya sami benci ya zauna. Dogo ne, siriri, rigarsa a goge. Ya ɗaga hanci. "Ban ji warin dalma ba. Ba ka fara ba ke nan."

"Ina kai."

"Auta, tun kana rarrafe na san muryarka in ka yi ɓarna. Me ya faru da ita?"

Shekararsa hamsin da shida, yana da 'ya'ya da jikoki, layin nan kaf Injiniya ake ce masa. Amma da aka ce Auta sai ya koma ƙaramin yaro. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya tsuguna gaban yayansa, ya faɗa masa komai: iri biyun, ƙafafu ukun, baƙin gam, maɓallin da ke kashewa. Ya bar magana ɗaya a ƙarshe, sannan ya fito da ita.

"Lambar kuma ni na goge ta, Yaya. Da hannuna."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ina zaune a shagon ranar, kan wani benci mai ƙafa uku. Na ji ya ce goge, na ji kana gogewa, har kana 'yar waƙa. Makaho ne ni, ba kurma ba." Ya juya sandar a hannu. "Ban san me kake gogewa ba sai yau. Ina aisin?"

"Yana cikin injin."

"Ka danna?"

"A'a."

"Ka yi niyya?"

Mai gyara ya sunkuyar da kai. Ɗiyar ta kau da kai ta dubi titi.

"Fito da shi," in ji makahon. "Ka mayar da shi inda ka ciro shi."

"Yaya, ƙafafunsa sun tsufa. Kowace shiga da fita..."

"Kai kana neman wanda zai gaya maka wace ƙafa ce wace. Ita kwamfutar shekara talatin da huɗu tana karanta shi kullum, ba ta taɓa tambayar lambarsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ka mayar mata da abinta, ni zan ce ta karanto shi tun daga farko har ƙarshe ta turo ta ƙofar firinta. Kana da wayar da za ta kai shi kwamfutarka?"

 Mai gyara mutumin dalma ne da mita. Ya san kowace jijiya a cikin na'urar nan, amma bai taɓa zama ya yi mata magana da yarenta ba, kuma bai taɓa kawowa a ransa cewa makahon da yake kai wa gyara ya fi shi saninta ta wani gefen ba.

"Za ta iya?"

"Ita za ta iya. Kai ne ban sani ba."

Ya sami wayar a ƙasan wani kwali, ƙura ta rufe ta. Ya gyara mata baki. Sannan ya ɗauki aisin, ya duba tsagar da ke nuna gabansa sau uku, ya jera ƙafafun a kan ramukansu ɗaya bayan ɗaya da bakin allura. Ƙafa ta tara ta ɗan lanƙwashe. Ya tsaya. Ya miƙe ta a hankali, a hankali. Ta miƙe ba ta karye ba. Ya danna da babban yatsa, abin ya zauna.

"Matsala ɗaya," in ji shi. "Minti shida ko bakwai take yi ta ɗumama ta fara shirme. Turowar za ta ci biyar. Kuma sau uku nake so, in gwada su da juna."

Mai waya, wanda tun ɗazu yake bakin ƙofa yana kasa kunne ba kunya, ya ce, "Ina da firij."

Aka dube shi.

"Ba ƙanƙara ba, na san ruwa zai zuba. Ku ba ni sifanu biyu masu faɗi. Ɗaya yana kan aisin, ɗaya yana firij, ina musanyawa."

"Yau ka yi magana irin ta mutane," in ji mai gyara.

Aka jona tsohuwar talabijin don masu ido su ga abin da ake ciki. Aka zaunar da makahon gaban madannan. Ya shafa su da tafin hannu kamar mai shafa kan ɗansa da ya dawo daga asibiti. Mai waya ya naɗe sifana mai sanyi a ƙyalle ya ɗora a bayan aisin. Mai gyara ya ce bismillah ya kunna.

Sifika ta yi ƙara, ta yi shiru, sannan wata murya mai kama da ta mutum a cikin bokiti ta ce, "Ina ji."

Yatsun makahon suka fara. Layi biyar ya rubuta, muryar tana bin sa harafi bayan harafi, ya fi ta sauri har tana tuntuɓe. Ya danna na ƙarshe ya ɗauke hannu. A kan kwamfutar shago lambobi suka fara gangarowa jeri-jeri.

 A waje wani mai mota yana ta danna oda. Wata mata ta leƙo da rediyo a hannu, ɗiyar ta yi mata alama da hannu ta juya. Mai gyara idonsa ɗaya kan agogo, ɗaya kan lambobin. Minti biyu. Uku. Ya taɓa sifanar, ta fara ɗumi. "Canja." Mai waya ya ruga ya dawo. Minti biyar da 'yan daƙiƙu lambobin suka tsaya.

"Ɗaya," in ji mai gyara. 

Suka kashe, suka jira ta huce, suka sake. A karo na biyu muryar ta ce "Ina" ta kasa ƙarasawa. Ta yi ta gurnani kamar injin niƙa da ya haɗiyi tsakuwa.

"Yaya, ta tafi. Ba za ta faɗa maka abin da kake dannawa ba."

"Karanta mini allon in na gama."

Ya rubuta layukan biyar cikin gurnanin nan. Ɗiyarsa ta sunkuya ta karanto masa daga talabijin. Babu kuskure ko ɗaya. Lambobi suka sake gangarowa. Karo na uku ma haka, sai dai a tsakiyarsa gurnanin ya yanke, shagon ya yi tsit, makahon ya damƙe gefen tebur da hannu biyu.

"Suna zuwa?"

"Suna zuwa, Yaya."

"Kada ka yi mini ƙarya."

"Wallahi suna zuwa, Baba," in ji ɗiyar.

Suka zo har ƙarshe. Mai gyara ya sa kwamfutar shago ta gwada ukun da juna. Na ɗaya da na biyu daidai suke, lamba dubu huɗu da casa'in da shida, babu wadda ta saɓa. Na uku ya bambanta a wuri goma sha ɗaya, duk bayan inda muryar ta yanke. Ya kashe tsohuwar, ya bar ta ta huce sosai, ya sake kunnawa don ya ji ko za ta ce wani abu. Ba ta ce ba. Ya ƙara. Shiru. Tsohon aisin ya gama nasa.

Yanzu duk abin da maigidan ya rubuta ba ya ko'ina sai cikin waɗannan lambobi, kuma babu wanda ya san ko sun cika.

Sauran aikin nasa ne, aikin hannu, ya kuwa yi shi kamar yadda aka koya masa. Ya sa sababbin aisin ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske minti ashirin, suka wanku tas. Ya ƙona lambobin a ɗaya, ya sa injin ya karanto su ya tabbatar, ya liƙe tagar da baƙin tef. Ya cire ƙaramin fanel na maigidan gaba ɗaya da gam ɗinsa da sarƙaƙƙun wayoyinsa, don abin da kwamfutar ta turo ya riga ya fito a warware. Ya haɗa sabon mazauni, ya kai kowace ƙafa inda babban fanel yake jiranta da gajerun wayoyi masu launi dabam-dabam. Warin dalma ya cika shagon. Makahon yana kan benci, bai nemi ruwa ba, bai yi tari ba. La'asar ta yi, ta wuce.

"Yaya, zo ka kunna da hannunka."

Ya zo. Ya laluba bayan na'urar ya danna.

"Ina ji," in ji muryar.

Ɗiyar ta toshe baki. Mai waya ya buga cinya ya ce, "Kaka ta farfaɗo!"  Makahon ya sa hannu a aljihun riga ya fito da faifai guda da ya taho da shi, ya tura shi a ramin, ya danna. Muryar ta fara karatu. Wasiƙar shekaranjiya ce, wadda ya rubuta wa babban ɗansa da ke aiki nesa. Ta wuce inda ta sarƙe, ta ci gaba. Minti bakwai. Goma. Ba sifana, ba fanka.

Mai gyara kuwa yana saurare da kunnen sana'a, kuma abin da ya ji bai yi masa daɗi ba. Muryar tana cinye wasu haruffa. In ta zo kan "sa" sai ta yi wani huci, in kalma ta yi tsawo sai ta haɗiye ƙarshenta. Ba haka take ba ranar da maigidan ya fara kunna ta, ya tuna sarai, tsaf take fitar da kowace kalma. Abin da ya riga ya zube daga tsohon aisin kafin yau ya zube, shi kuma ya kwafe ramukan tare da sauran, ya ƙona su a sabo.

"Yaya, akwai saura," in ji shi a hankali. "Ka ji yadda take cin magana? Tsufan tsohon ne ya biyo. Ka bar mini ita mako guda. Zan bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, ina jin zan gano inda suka lalace in cike, ta dawo kamar sabuwa."

Makahon ya tsayar da karatun. Ya zare faifan ya mayar aljihu, ya laluba murfin kwamfutar a kan tebur ya tura wa ƙanensa.

"Shekara nawa tana haka, ka taɓa jin na kawo ƙara? Ni ina gane ta, ita tana gane ni. Ni ma haƙorana na gaba sun zube, ban ga ka zo da dalma ba." Ya juya wajen ɗiyarsa. "Ke, tari mota. Kai kuma rufe ta, ka ɗaure sukurorin duka shida."

Mai gyara ya ɗauki sukundireba.